Yadda Na Ƙirƙiro Zanduranci

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ɗin ba, kuma ba don ban yi ƙoƙarin mantawa ba. Na yi iyakar yina. Har yau idan hanya ta biyo da ni ta gaban ƙaramin gidan silimar nan na Alexandria, sai in sunkuyar da kai in yi kamar ina duba waya. Amma bari in fara daga farko, don ku san irin girman mutumin da ya sha ƙasa a ranar.

Ni ɗan fim ne. (Na ga kun ɗaga gira. Ku dai yi haƙuri ku ji.) A nan yankin Washington nake fim, kuma idan kuna kallon finafinan 'yan siyasa da 'yan leƙen asiri da ake yawan ɗauka a garin nan, to wataƙila kun taɓa ganina, ko dai kun ga wani ɓangare na jikina. Ni ne mutumin da ke tsallaka titi riƙe da jaka lokacin da jarumi yake waya. Ni ne kafaɗar da ke bayan sanata a cikin lif mai hawa bene. Sau biyu na fito a gawa, a na biyun ma darakta ya yaba mini, ya ce bai taɓa aiki da gawa mai natsuwa irina ba. Mu ne masu cika wuri, waɗanda ba a ba mu magana. Ainihin aikin da ke ciyar da ni yana wani dogon ginin gwamnati a unguwar Southwest, inda nake wuni ina zura tsofaffin takardu cikin na'ura tana ɗaukar hotonsu. Amma idan aka tambaye ni sana'ata a wurin biki, ba na kawo zancen takardu.

Ina kuma da sana'a ta uku. Akwai wata 'yar mujalla ta masu son labaran jiragen sararin samaniya da halittun wasu duniyoyi, sau huɗu take fitowa a shekara. Editarta wata tsohuwar Baturiya ce da ke haɗa ta a kan teburin kicin ɗinta. Ni nake yi musu hira da mutane: marubutan da littafinsu bai karɓu ba, masu ɗinka kayan dodanni, da tsofaffin 'yan wasan da suka taɓa fitowa na minti biyu a wani fim tun kafin a haife ni. Wato dai ina hira da irin abin da zan zama nan gaba. Ina son aikin ƙwarai, kuma na iya shi, don na san yadda ake yi wa ƙaramin mutum tambaya har ya ji ya zama babba.

Sai kuma Baba Ishaya, wanda in ba shi babu wannan labari. Abokin mahaifina ne tun suna firamare a Kagoro. Mahaifina ya rasu ina sakandare, kuma da na samu gurbin karatu a Amurka, Baba Ishaya ne ya tarye ni a filin jirgi riƙe da rigar sanyi. Ya kai ni gidansa a Upper Marlboro, ya ba ni ɗakin ƙasa, wanda muke ce wa besmen, ya miƙa mini makulli, matarsa Mama Rifkatu ta sa ni cikin tukunyarta. Shekara uku na yi a gidan. 'Ya'yansa biyu mata ne, sun yi aure a jihohi masu nisa, kuma idan ya yi musu Hausa da Turanci suke amsawa. Ni ne ya samu yake zuba wa Hausa har ya gaji. Bai taɓa kiran sunana ba, a gida ko a coci, "ɗana" kawai yake cewa.

To amma tsohon yana da nasa halin. Maɓallin hitar gidan, wato na'urar ɗumama ɗakuna, kamar sarautarsa ce, ba mai taɓa shi sai shi, kuma a ganinsa ɗumi yana sa mutum lalaci. Su suna sama inda rana ke shiga, ni ina ƙasa da safa biyu da hula. Ƙarfe biyar na asuba zai ƙwanƙwasa mini ƙofa a fito addu'a, addu'ar da yake farawa daga Kagoro, ya bi ta kan shugabannin duniya, kafin ya iso kanmu. Ban taɓa buɗe baki na ce Baba ina jin sanyi ba. Ta ina zan fara? Mutum ya ba ka ɗaki, ka ce ɗakin bai yi ba? Na haɗiye, na ci gaba da haɗiyewa, har na samu aiki na koma nawa ɗakin a Alexandria. Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne yadda yake kiran fim ɗina "wannan wasan naku".

Ta hanyar mujallar na haɗu da wani saurayin darakta, wanda a raina nake kira Mai Gemu. Yana shirya wani ƙaramin fim a kan halittun wata duniya mai suna Zandura da suka sauko ƙasa. Da ya ji ni ma ina taɓa fim, sai ya ce yana neman wanda zai fito a jakadan Zandura, dogo mai babbar murya. Akwai magana a ciki. Magana! Shekara shida ina tsallaka titi da jaka, ga shi yau an ce in buɗe baki. Ban ma tambayi sauran bayani ba na amsa.

Ranar ɗaukar fim ɗin da safe, ina ɗaura takalmi, sai ga wayar Baba.

"Ɗana, yau mu 'yan zumuntar maza ta coci za mu je gaida Malam Bulus, an sallamo shi daga asibiti. Ƙarfe nawa za ka iso?"

"Baba, ku yi haƙuri, ina da shutin yau."

Sai ya ce, "Wannan wasan naku ne kuma? Ɗana, shekarunka sun wuce na wasa. Ubanka malamin makaranta ne, mutum mai daraja. Ban san abin da zan gaya masa ba idan muka haɗu."

Na ce, "To Baba." Abin da nake cewa ke nan kullum. Amma maganar ta tsaya mini a rai, da ita na shiga jirgin ƙasa, da ita na sauka.

A wani tsohon sito aka yi ɗaukar, tsakiyar lokacin zafi. Suka kifa mini kan roba kore mai kunnuwa huɗu, suka manna shi da gam har wuya, suka sa mini doguwar riga mai nauyi kamar bargo. Mai Gemu ya ce babu rubutacciyar magana, in dai ɗaga hannu in yi ta surutu da wani yare na ƙarya, daga baya za su rubuta fassarar da suke so a ƙasan allo. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Aka kunna kyamara na ce, "Gulu gulu bazak, mimi toro." Ya ce a tsaya, wai kamar jariri. Na sake. Ya ce kamar mai kurkure baki. Sau tara muna yi. Zufa ta taru a cikin kan robar har ina jin motsinta a kunnena, yunwa tana cina, ga maganar Baba tana ta yi mini yawo a ka.

Mai Gemu ya matso ya ce, "Ina son in ji zuciya a ciki. Ka yi magana kamar akwai abin da ka daɗe kana son faɗa."

To, ai kuwa akwai.

Aka kunna kyamara karo na goma. Na ɗaga hannun dama sama, na buɗe ƙirji, na saukar da murya, na fara a hankali cikin isa, da tsantsar Hausa:

"Baba Ishaya. Marowacin tsoho. Shekara uku na yi a ƙarƙashin gidanka sanyi yana cin ƙashina, kai kana sama kana gadin hita. Ƙarfe biyar ka tashe ni addu'a, addu'ar da ko mala'iku sai sun yi gyangyaɗi. Ka ce aikina wasa ne. To ga ni ina yi, ina ruwanka?"

Na ɗan tsaya, na dubi kyamara ido cikin ido, na dafa ƙirji, na ƙarasa da abin da har yau ba na son maimaitawa: "Kai ba ubana ba ne."

Sai Mai Gemu ya daka tsalle yana tafi, mai riƙe da fitila ma har da share ido. Wai ba su taɓa jin yaren ƙarya mai rai irin wannan ba. Ni kuwa na ji wani sanyi a zuciyata, kamar wanda ya sauke kaya. Da ana cire mini kan robar hankalina ya ɗan dawo, na tambaye shi ko haka za a bar muryar. Ya ce a'a, za su murɗa ta da na'ura ta koma kamar daga cikin rijiya take fitowa. Na yarda nan take, saboda ina son in yarda. Na kuma ce wa kaina, wane mai jin Hausa ne zai kalli fim ɗin koren dodo mai kunne huɗu?

Da abin ya tsaya nan, da wataƙila na tsira. Amma ni ne da kaina na je na tono shi.

Bayan wasu watanni fim ya kusa fitowa, edita ta ce in yi hira da Mai Gemu. Muna cikin hira sai ya ce abin da ya fi alfahari da shi a fim ɗin shi ne yaren Zandura, wanda ɗan wasansa, wato ni, ya ƙirƙira. Ga rakoda tana ɗauka, ga ni zaune. Kalma biyar kawai ta isa in gyara zancen: ai yaren garinmu ne, Hausa. Ban faɗa ba. Na gyaɗa kai cikin tawali'u irin na manyan masana. Da edita ta karanta hirar sai ta kira ni tana rawar murya, ta ce lallai in rubuta shafi guda a kan yadda na gina yaren.

Na rubuta, jama'a. Na sa masa suna Zanduranci. Na ce wata shida na yi ina gina shi. Na ce yare ne mai karin sauti, kalma ɗaya tana sauya ma'ana idan ka ɗaga murya ko ka sauke. Na ce yana bambanta namiji da mace ko a wajen cewa kai da ke. Na ce yana da wasu baƙaƙe da ake furtawa da haɗiyar iska. A taƙaice, na kwashi nahawun da malamin Hausarmu ya ɗura mana a sakandare da bulala, na sa hannu a ƙasa na ce nawa ne. (Allah ya jiƙan malam. Da yana raye da ya biyo ni har Amurka.) Aka buga da hotona, na riƙe haɓa ina kallon nesa.

Kaina ya kumbura har ya fi na robar. Ranar Lahadi na kwashi mujalla biyar na tafi da su coci, na ajiye a teburin shayi kamar mantawa na yi. Da yamma sai ga wayar Baba.

"Ɗana, na karanta abin nan naka. Sau biyu na karanta." Muryarsa ta yi laushi yadda ban saba ji ba. "Ashe abin naka na ilimi ne. Yare guda ka ƙirƙira da kanka? Ka yafe mini, ban fahimta ba da. Da ubanka yana nan da ya ji daɗi ƙwarai."

Shekara tara ina jiran wannan magana daga bakinsa. Na zauna a bakin gado, idona ya cika. Sai ya ƙara da cewa ya ga an rubuta ranar da za a fara nuna fim ɗin, ya riga ya yi wa zumuntar maza magana, za su zo da motar coci.

Na ce, "Baba, ai ba sai kun wahala ba, wurin da nisa, ga cunkoson motoci."

"Wace irin wahala? Ɗana zai fito a fim in zauna a gida?"

Muna gamawa na kira Mai Gemu na tambaye shi zancen murɗa murya. Ya yi dariya ya ce kada in damu, akwai abin mamaki da ya tanadar mini. A nan ya kamata in hau mota in tafi Upper Marlboro in durƙusa in faɗi gaskiya. Kwana goma sha biyu nake da su. Kullum sai in ce gobe. Gaskiyar magana ita ce ina jin daɗin sabon matsayina a wurin tsohon, ba na son abin da zai taɓa shi, sai na zauna ina fatan na'ura za ta rufa mini asiri.

Ranar Asabar ƙarfe biyu na rana silima ta cika. Yawancinsu masu karanta mujallarmu ne, wasu sun shafa kore a fuska, wasu da kunnuwan roba. Ni na sha kwat, saboda bayan fim ni zan hau dandamali in yi hira da darakta a gaban jama'a, a madadin mujalla. Sai ga motar coci ta tsaya. Dattawa suka fara saukowa cikin manyan riguna da huluna, Malam Bulus da sandarsa, Mama Rifkatu da wasu mata uku sun kafa ɗaurin kai. Baba ya sa farar babbar rigarsa da ba ya sawa sai Kirsimeti. Ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Yau ranarka ce." Suka cika layi na uku gaba ɗaya, ni kuma aka zaunar da ni a layin farko kusa da Mai Gemu.

Kafin a kashe fitila Mai Gemu ya tashi ya yi godiya, sannan ya ce yana da albishir. Wai sun gwada murɗa muryar jakada, sai suka ga zunubi ne a taɓa irin wannan aikin, don haka sun bar ta yadda take, tas, kowane harafi yana fita. Aka yi tafi. Na ji layi na uku sun fi kowa tafi.

Minti arba'in na farkon fim ɗin ban san abin da aka yi a ciki ba. Na yi addu'ar wuta ta ɗauke, sai na tuna ƙasar da nake. Na yi tunanin in faɗi in yi kamar na suma, tunda na ƙware a gawa. Ina cikin wannan lissafi jirgin Zandura ya sauka, ƙofa ta buɗe, hayaƙi ya tashi, ga ni nan kore shar na cika allo. Na ji Mama ta ce, "Ga shi nan! Yesu na gode!"

Jakada ya ɗaga hannu. Muryata ta fito daga kowane bango na silimar.

"Baba Ishaya."

A ƙasan allo aka rubuta da Turanci: Ya ku mutanen wannan duniya.

Na ji Malam Bulus ya ce, "A'a, har da sunanka ya sa!" Sai wasu suka yi 'yar dariyar jin daɗi.

"Marowacin tsoho."

Rubutu ya ce: Mun zo da salama.

Dariya ta ƙwace wa wani a layi na uku, ya yi maza ya mayar da ita tari. Daga nan ban sake jin ko motsinsu ba. Zancen sanyi ya wuce, zancen hita ya wuce, mala'iku suka yi gyangyaɗinsu, Turawa suna ta jinjina kai suna karanta yadda muka ratso taurari don neman abokai. Ni dai na san abin da ke tafe, kuma ba ni da ikon tsayar da shi. Kyamara ta matso fuskar jakada, kiɗa ya yi taushi, ya dafa ƙirji.

"Kai ba ubana ba ne."

Rubutu ya ce: Ba za mu taɓa manta alherinku ba.

Wata Baturiya a gefena ta ciro hankici. Daga bayana kuwa abu ɗaya na ji, muryar Mama a hankali tana cewa, "Wayyo." Ban waiwaya ba. Kunya na sha ji a rayuwata, amma wannan daban ce, don ba tsoron abin da za a yi mini nake ji ba, abin da na yi nake gani. Mutumin da ya kawo mini rigar sanyi filin jirgi, ya tara abokansa ya sa rigar Kirsimeti don ya nuna musu ɗansa, shi na tsaya a allo mai tsayin gida ina gaya wa haka.

Fim ya ƙare, aka kunna fitila, aka kira mu dandamali. Na hau da makirufo a hannu da takardar tambayoyina. Na yi wa Mai Gemu tambaya uku, ban ji amsar ko ɗaya ba, idona yana kan takalmina. Shi kuwa sai yabon Zanduranci yake yi, yana dafa kafaɗata. Daga nan aka ce masu kallo su yi tambaya, kuma ni ne mai nuna wanda zai yi. Na ɗaga kai. Hannu ɗaya ne a sama, cikin farin hannun riga.

Na nuna shi, don babu yadda zan yi. Aka kai masa makirufo. Baba ya miƙe a hankali, ya gyara rigarsa a kafaɗa, ya dube ni. Na shirya wa zagi, wallahi da ya zage ni da na ji sauƙi. Sai ya yi magana da Hausa, a natse, yadda yake yi idan zai ba da sanarwa a coci.

"Jakada, mun ji saƙonka. Maganar hita gaskiyarka ce. Ban san sanyin ya kai haka ba, ba ka taɓa faɗa mini ba. Ka yafe mini. Addu'a kuma zan rage." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma zancen uba, ba kai ka naɗa ni ba, ba kai za ka sauke ni ba."

Ya miƙa makirufo ya zauna.

Silima ta ɗauki tafi da ihu. Masu koren fuska suka miƙe tsaye. A ganinsu wani tsohon masoyin fim ne ya zauna ya koyi Zanduranci daga shafi ɗaya na mujalla har yana jera jimla. Mai Gemu ya riƙe kai yana cewa wannan abin al'ajabi ne, ya juyo gare ni ya ce in fassara wa jama'a abin da dattijon ya faɗa.

Ga dama ta sake zuwa har hannuna, da makirufo da komai. Ina so in ce muku na yi ta maza na faɗi gaskiya. Ban yi ba. Na ce, "Ya ce fim ɗin ya yi kyau." Aka sake tafi. Baba ya dube ni, ya girgiza kai sau ɗaya kawai, ya kawar da ido.

A bakin ƙofa wani mai kunnen roba ya tare shi yana rawar jiki, ya tambaye shi tsawon wane lokaci ya ɗauka yana koyon yaren. Baba ya amsa masa da Turanci cikin ladabi, ya ce shekara saba'in da ɗaya. Dattawa suka wuce ni ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce mini ci kanka. Malam Bulus ne kawai ya tsaya, ya dogara sanda, ya ce, "Sannu da aiki, mai ƙirƙira." Motar coci ta tashi ta bar ni a tsaye da kwat ɗina.

Ranar Lahadi ban iya shiga coci ba. Na jira aka tashi, na hau mota zuwa Upper Marlboro. Mama ce ta buɗe ƙofa. Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice, ta ce, "Yana kicin." Sannan ta riƙe hannun rigata ta ce, "Jiya bai ci abinci ba. Ka san wannan kafin ka shiga."

Na same shi zaune da kofin shayi da bai taɓa ba. Na zube a gabansa, gwiwa biyu a ƙasa. Duk jawabin da na shirya a hanya ya gudu. Na ce, "Baba, na yi laifi. Na zage ku, na yi ƙarya a mujalla, jiya ma na ƙara wata a gabanku. Ba ni da bakin magana." Sai kuka ya zo mini, irin mai majina, ni da gemuna.

Ya bar ni na yi mai isata. Sannan ya ce, "Zagin bai dame ni ba kamar shirun. Shekara uku kana ƙasan nan kana fushi, kullum ka hau ka ce mini ina kwana da fara'a. Ɗa yana faɗa wa ubansa abin da ke damunsa. Baƙo ne yake shiru." Ya juya kofin a hannunsa. "Ni ma na yi nawa laifin. Bai kamata in riƙa auna ka da ubanka ba. Shi ma ba waliyyi ba ne, mun sha satar mangwaro tare."

Na ce, "Baba, ku yafe mini."

"Na yafe tun a mota. Matar mujallar nan kuma gobe ka kira ta ka gaya mata yaren na masu shi ne." Ya dube ni a durƙushe, bakinsa ya ɗan motsa. "Tashi haka nan. Tayil ɗin da sanyi, kada a sake sa ni a fim."

Washegari na kira edita na faɗa mata komai. Ta yi dariya har ta ƙware, sannan ta ce abin ba na dariya ba ne, dole a buga gyara. Aka buga, da sunana a ciki. Fitowa biyu ba ta ba ni hira ba. Mai Gemu kuwa bai ji haushi ba ko kaɗan, cewa ya yi labarin ya fi fim ɗin daɗi, wanda kuma gaskiya ne. Na koma tsallaka titi da jaka, kuma tun daga ranar ba a sake ba ni magana a fim ba. Ina ganin hakan ya fi wa kowa alheri. A zumuntar maza har yau Jakada suke kirana, kuma idan na makara sai wani ya tambaya ko jirgin ne ya lalace. Ina amsawa, don na ci a yi mini fiye da haka.

Abin da na koya bai da yawa. Idan kana jin sanyi a gidan mutum, ka hau sama ka faɗa masa tun yana iya murɗa maɓalli. In kuwa ka ga dole sai ka yi gulmarsa, to kada ka yi da Hausa, ko da a wata duniyar kake, ko da kanka kore ne da kunne huɗu. Mutanenmu sun riga ka isa can, kuma a layi na uku suke zama.